Yadda Ruwan da Kifi Ke Ciki Ke Tsara Faɗansa da Barbararsa

Duk masuncin da ya saba bin bakin tafki a lokacin da ruwa ya ɗumama ya san wasu 'yan ramuka masu kama da kwano da ake gani a cikin yashi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Aikin namijin karfasa ne. Da bakinsa yake kwashe yashin har gurbin ya fito, sannan ya tsaya a kansa yana gadi. Namijin da ya matso ya fatattake shi, macen da ta gifta ya tare ta da rawa yana jan ta zuwa ciki. Wanda ya ga haka zai ɗauka halin kifin ke nan, ko'ina aka same shi haka zai yi.

Binciken da masana halayyar dabbobi suka shafe fiye da shekara 50 suna yi ya nuna lamarin ya wuce nan. Kifi iri ɗaya yakan zama mafaɗaci a wannan ƙorama, ya zama salihi a ƙoramar da ke maƙwabtaka da ita. Akwai inda namiji ke bin mace, akwai inda mace ke bin namiji, alhali jinsin bai sauya ba. Abin da ya bambanta su shi ne ruwan da suke ciki: ko akwai mai cin su, ko haske na ratsawa, yawan wurin da za a iya zuba ƙwai, da yawan abokan takara. Maganar ta shafi duk mai cin abinci daga ruwa, domin kifin da bai samu ya hayayyafa bana ba, ba za a kama 'ya'yansa baɗi ba.

Kalmar barbara a nan ta haɗa duk matakan da ke kai wa ga haihuwa. A mafi yawan kifaye mace ce ke zuba ƙwai a waje, namiji ya feshe shi da maniyyi a cikin ruwa. 'Yan kaɗan ne ke saduwa ta cikin jiki su haifi 'ya'ya masu rai.

Tsadar faɗa

Kifin da ke gadin gurbi ba ya samun sukunin kiwo. Yana ƙona ƙarfinsa, ana yayyaga masa fikafikai, kuma duk lokacin da ya shagala da abokin gaba, idonsa ba ya kan mai farautarsa. Shi ya sa mafi yawan rigimar kifaye ba ta kai wa ga cizo. Maza biyu sukan jera gefe da gefe, kowa ya miƙe fikafikansa, ya buɗe marfin da ke gefen kansa don ya ƙara kwarjini, su riƙa kaɗa wa juna ruwa da wutsiya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Wanda ya ga ba zai iya ba sai launinsa ya dusashe, ya janye. Sai ƙarfi ya zo ɗaya ake kai wa ga kama baki da baki ana turereniya.

Cikin waɗanda suka fara nazarin wannan da kyau akwai Niko Tinbergen, ɗan ƙasar Holan, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1973. Ya yi aiki a kan wani ɗan kifin Turai mai ƙaya uku a gadon baya, wanda tsawonsa bai wuce yatsa ba. Idan lokacin hayayyafa ya zo, maƙogwaron namijin da cikinsa sukan yi ja, ya gina sheƙa da ciyayi, ya liƙe ta da wani danƙo da ƙodarsa ke fitarwa. Tinbergen ya sassaƙa wasu 'yan abubuwa da ko kama da kifi ba su yi sosai ba, ya shafa musu ja a ƙasa, sai namijin ya riƙa kai musu hari fiye da yadda yake kai wa siffar kifi cikakkiya wadda ba ta da jan. Har ya ba da labarin cewa kifayensa sukan tashi haiƙan idan jar motar gidan waya ta wuce ta bayan taga.

An daɗe ana kawo wannan misali don nuna cewa faɗan kifi kamar makunnin fitila ne, a taɓa ya kama. Amma shi kansa Tinbergen ya lura da wani abu: namijin da ke cin zarafin maƙwabcinsa a kusa da sheƙarsa, shi ne ke ranta a na kare idan aka kai shi kusa da sheƙar maƙwabcin. Kowa a gidansa sarki ne. Wurin da aka haɗu yana cikin abin da ke yanke hukuncin faɗan.

Sama da magangara, ƙasa da magangara

Babu inda aka fi tantance wannan lamari kamar tsibirin Tirinidad, dab da gaɓar Benezuwela. A arewacin tsibirin akwai jerin duwatsu da ƙoramu ke gangarowa daga kansu, kuma a hanya ruwan yakan zubo daga kan dutse, ya yi magangarar da manyan kifaye ba sa iya haurawa. A cikin ƙoramun akwai wani ɗan kifi da ake kira gofi, wanda namijinsa bai kai santimita 3 ba. Yana cikin masu haihuwar 'ya'ya da rai, kuma namijin yana da wani fiffike a ƙasan ciki da ya zama kamar tsinke, da shi yake sadar da maniyyi.

A ƙasan magangara gofi na zaune da Crenicichla, wani dogon kifi ɗan dangin karfasa mai haɗiye gofi babba da yaro. A sama kuwa babu shi, sai wani ɗan kifi mai suna Rivulus wanda yawanci ƙanana yake iya ci. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu wani lokaci 'yan taku ce, amma kifayen sun sha bamban. Mazan sama sun sha ado da ɗigo-ɗigon ruwan lemo da baƙi da shuɗi mai ƙyalli. Na ƙasa ɗigonsu kaɗan ne kuma ƙanana. John Endler ya bayyana dalilin a 1980: mace ta fi son mai ado, mafarauci kuma shi ya fi saurin hangowa. Inda mafarauci ya yi ƙaranci zaɓin mace ke rinjaye, inda ya yi yawa mai ado ba ya daɗewa.

Endler bai tsaya ga hasashe ba. A 1976 ya kwashi gofi daga yankin Crenicichla na kogin Aripo, ya zuba su a wata 'yar ƙorama da babu gofi, sai Rivulus kaɗai. Cikin shekara 2 jikokinsu maza sun fi kakanninsu ado. David Reznick ya ci gaba da bin diddiginsu, kuma a 1990 aka bayyana cewa bayan shekara 11 sun koma balaga a makare, jikinsu ya ƙara girma, matansu na haihuwar 'ya'ya kaɗan amma manya.

Hanyar neman mace ma ta bi wannan layi. Namijin gofi na da dabara biyu. Ta farko rawa ce: ya sha gaban mace, ya lanƙwasa jikinsa, ya buɗe fikafikai yana karkarwa, ya jira ta amince. Ta biyu sata ce: ya lallaɓo ta baya ya kai sura ba da yardarta ba. Kowane namiji ya iya duka biyun. Inda Crenicichla ke sintiri, rawa tallata kai ce ga mutuwa, don haka maza sukan rage ta su ƙara sata. Endler ya lura cewa idan akwai mafarauci, rawar tana komawa sassafe da yamma lokacin da haske ya yi rauni, tsakar rana kuwa sata ce ke yawa. A wasu wuraren an ƙirga cewa ana kai wa mace irin wannan sura kusan sau ɗaya a kowane minti, abin da ke rage mata lokacin kiwo. Ita ma macen takan sassauta zaɓinta idan ta hango mafarauci, ta daina liƙe wa mai ado, domin kusantarsa kusantar haɗari ce.

Batun faɗa ne ya fi ba da mamaki. Mutum zai zaci kifin da ya tashi cikin tashin hankali shi zai fi zafin rai. Anne Magurran da Benoni Seghers sun samu akasin haka a binciken da suka wallafa a 1991. Gofin da ke zaune da mafarauta garke yake yi, kuma ba ya yawan faɗa a kan abinci, domin wanda ya kori 'yan'uwansa ya bar kansa shi kaɗai a fili. Na sama, wanda ba ya tsoron kowa, kuma ya yi yawa a wurin da inuwar itatuwa ta rage abinci, shi ne mai korar ɗan'uwa daga lomar da ya gani. Wani ɓangare na wannan hali gado ne, domin son garke yana bayyana har ga 'ya'yan da aka haifa a ɗakin bincike waɗanda ba su taɓa ganin mafarauci ba. Wani ɓangaren kuwa kifin ne ke sauyawa nan take, gwargwadon abin da idonsa ya gani.

Sarautar da ba ta da tabbas

Daga Tirinidad sai Tafkin Tanganyika a gabashin Afirka. A 'yan kududdufan bakin tafkin da mashigar koguna akwai wani ɗan dangin karfasa mai suna Astatotilapia burtoni, wanda Russell Fernald na jami'ar Stanford a Amurka ya fara nazarinsa tun shekarun 1970. Mazansa kashi biyu ne. 'Yan tsiraru suna da fili, jikinsu rawaya ko shuɗi mai haske, da baƙin layi da ya ratsa ido. Su ke haƙa gurbi, su ke faɗa, su ke samun mata. Sauran toka-toka ne kamar mata, suna yawo cikin garke, kuma jakar maniyyinsu 'yar ƙarama ce.

Da a ce haihuwa ce ta raba su, da magana ta ƙare. Amma idan aka ɗauke mai filin da dare, da gari ya waye wani daga cikin talakawan zai lura wurin babu kowa, kuma cikin 'yan mintoci launinsa zai kama, baƙin layin ya fito, ya fara korar waɗanda jiya tare suke yawo. Cikin kimanin minti 20 ana iya ganin alamar sauyi a ƙwaƙwalwarsa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke ba da umarnin hayayyafa sukan kumbura, har su ninka na talaka kusan sau 8, kuma cikin mako guda ya zama cikakken mai gida. Wanda aka tumɓuke launinsa yakan dusashe nan da nan, amma jikinsa yakan ɗauki kusan mako 3 kafin ya gama komawa na talaka, kamar mai jiran ko za a sake kiran sa.

Me ke sa sarauta ta sauya hannu a can? Muhallin ne ba ya zama wuri ɗaya. Iska na motsa ciyayi da rassan da ke zama iyaka, dorinai na tattake ƙasan ruwa, tsuntsaye na sure mazan da launinsu ya fi fitowa. Hans Hofmann da Fernald sun kwaikwayi haka a 1999 ta hanyar sauya wa kifayen tsarin maɓoyarsu a tanki lokaci zuwa lokaci, sai suka ga maza na hawa suna sauka. Sun kuma gano cewa talaka ya fi mai fili saurin girma, tunda ba ya kashe ƙarfinsa a faɗa, kuma wanda ya rasa filinsa girmansa na iya tsayawa, wani ma har ya ɗan ragu. Zaman talauci a wurin wannan kifi lokacin tara ƙarfi ne.

Sauran kifaye ma muhalli ne, kuma ana sa musu ido. A 2007 aka nuna cewa namijin burtoni da ya kalli faɗan wasu maza biyar, na ɗaya ya kayar da na biyu, na biyu ya kayar da na uku, har zuwa ƙarshe, yana iya gane wanda ya fi rauni tsakanin biyun da ba su taɓa karawa ba, ya matsa kusa da shi. Rui Oliveira na ƙasar Fotugal kuwa ya nuna a 2001 cewa karfasar Mozambik da ke kallon faɗa ta bayan gilashi, sinadarin mazantakar jikinta na ƙaruwa ko da ba a taɓa ta ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san abin da ake nufi.

Inda mata ke bin maza

A kifayen da namiji ke gadin ƙwai, gurbi shi ne dukiya, kuma yawansa ke nuna wa zai bi wa. A kudancin Fotugal akwai wata fadamar bakin teku mai suna Ria Formosa, ƙasanta duk laka. Wani kifi mai suna Salaria pavo, wanda ke buƙatar rami a cikin abu mai tauri, ba shi da wurin zuba ƙwai a can sai ramukan bulon da masu kiwon ƙumba ke jerawa a iyakar gonakinsu. Manyan maza kaɗai ke samun rami. Saboda haka mata ne ke zuwa ƙofar ramin suna rawa suna sauya launi, suna ture juna, namiji yana ciki yana zaɓe, wata ma ya kore ta. Ƙananan mazan da ba su da rami sukan kwaikwayi launin mace da rawarta, su shige su fesa maniyyinsu su fice. A gaɓar Trieste ta ƙasar Italiya, inda duwatsu masu ramuka suka wadata, wannan kifin dai namijinsa ne ke fitowa neman mace.

A gaɓar yammacin Suwidin lamarin na juyawa cikin kaka ɗaya. Elisabet Forsgren da Trond Amundsen da abokan aikinsu sun ba da rahoto a 2004 a kan wani ɗan kifin teku dangin gobi, wanda ke hayayyafa daga watan Mayu zuwa Yuli. A farkon lokacin maza sun yi yawa, su ke faɗa su ke rawa. Kafin ƙarshensa mafi yawan mazan sun mutu, sai ka ga mata da yawa sun kewaye namiji ɗaya suna nuna masa cikinsu mai ruwan lemo, suna korar juna.

Akwai kuma inda faɗan ya kusa ɓacewa gaba ɗaya. A arewa maso gabashin Meziko wani kifi mai suna Astyanax mexicanus yana da reshe biyu, na kogi mai ido da na cikin kogo makaho. Na kogi mafaɗaci ne, maza biyu in suka haɗu sai an san babba. Na kogo, inda babu haske kuma abinci sai abin da ruwa ko jemage ya kawo, ya bar garke ya bar gadin fili, ƙarfinsa duka ya tafi neman abinci. Sylvie Rétaux ta Faransa da ɗalibanta sun danganta wannan a 2013 da sauyin da aka samu a hanyoyin sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwarsa.

Idan ruwa ya dame

Misalin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne na Tafkin Biktoriya, wanda Tanzaniya da Yuganda da Kenya ke kewaye da shi. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 68,000, kuma ya ƙunshi fiye da nau'i 500 na ƙananan dangin karfasa waɗanda ba a samun su ko'ina a duniya sai can. Da yawansu suna iya haihuwa da juna in an tilasta musu. Abin da ya riƙe kowane nau'i daban shi ne idon mace: launin namijin jinsinta take bi.

A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin. Wannan giwan ruwan da muka sani ne a Neja da Binuwai da Tafkin Chadi, inda ɗan gida ne, amma a Biktoriya baƙo ne. Ya yi yawa a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta nau'i kusan 200 sun ɓace. An ɗora masa laifin duka, kuma yana da kaso mai tsoka. Sai dai a 1997 Ole Seehausen da Jacques van Alphen da Frans Witte suka nuna akwai wata ɓarna ta biyu da ba ta da haƙori. Sare itatuwa da noma da ƙazantar birane sun tura laka da taki cikin tafkin, gansakuka ta yi yawa, ruwa ya yi duhu. Da suka kwatanta tsibiran kudancin tafkin, sai suka ga inda ruwa yake garai-garai nau'o'i sun fi yawa, launin maza ya fi fitowa. Inda ya dame kuwa nau'o'in kaɗan ne, launinsu ya koɗe, har a wuraren duwatsu da giwan ruwa bai cika shiga ba.

Nau'i biyu sun isa misali. Namijin Pundamilia pundamilia shuɗi ne, yana zama a sama-sama. Namijin Pundamilia nyererei, wanda aka raɗa wa sunan Julius Nyerere, ja ne, yana zama ƙasa da shi kaɗan. A tsibirin Makobe mai tsabtataccen ruwa, kowace mace na bin nata. A tsibirin Luanso da ke cikin gurɓataccen ruwan mashigin Mwanza, babu ja sosai babu shuɗi sosai, sai ruwa-biyu. An tabbatar da dalilin a tanki. Ƙarƙashin farin haske mata sun zaɓi mazan jinsinsu. Da aka kunna fitila mai launi ɗaya wadda ta ɓoye bambancin, zaɓin ya rushe, matan ɓangarorin biyu suka fi karkata ga shuɗɗan, waɗanda suka fi girman jiki. Peter Dijkstra ya nuna haka abin yake a faɗa: jan namiji yakan rinjayi shuɗi a farin haske, amma ƙarƙashin koren haske rinjayen ya tafi. Ashe rabin ƙarfin nasa kwarjinin launi ne.

Abin lura a nan shi ne, nau'i na iya ƙarewa ba tare da an ga gawar kifi ko ɗaya tana yawo a kan ruwa ba. Biyu ne kawai suke narkewa su zama ɗaya.

Tekun Baltik da ke arewacin Turai ma ya sha takin gona, kuma a can Ulrika Candolin ta jami'ar Helsinki ta koma kan kifin nan mai ƙaya uku. Inda gansakuka ta yi kauri, maza ba sa ganin juna sosai, faɗa ya ragu, sheƙa ta yi yawa a ɗan wuri. Da jin haka sai a ce alheri ne. Amma a ruwa mai haske manyan maza ne ke hana raunana yin ja fiye da ƙarfinsu, domin duk wanda ya yi ja sai an gwada shi. Da ruwa ya dame babu mai gwada kowa, sai ramamme ya yi ado ya ja mace, alhali irinsa ne ya fi cinye ƙwan da aka bar masa gadi.

Wata ɓarnar ido ba ya ganin ta, domin ruwan na nan garau. A wani tafkin gwaji a lardin Ontario na Kanada, daga 2001 zuwa 2003, masana sun riƙa zuba sinadarin da ke cikin ƙwayar tsarin iyali, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a kowace lita, kwatankwacin abin da ake samu a ruwan da ke fita daga magudanan birane. Mazan wani ɗan kifi suka fara ƙera sinadarin ƙwai kamar mata, kuma jinsin ya kusa ƙarewa a tafkin. A Suwidin kuma Tomas Brodin ya nuna a 2013 cewa ɗan burbushin maganin kwantar da hankali, irin wanda aka samu a kogin Fyris kusa da Uppsala, yana sa kifi ya bar garke, ya ƙara saurin ci.

Cikar kogi

A kogunanmu babban mai tsara lamarin shi ne cikar ruwa. Idan damina ta kankama, kogi ya haura gaɓa ya malale fadama, wani sabon fili yakan buɗe mai ɗumi, mai ciyawa, mai yalwar abinci, inda manyan masu cin kifi ba sa sakewa. Kifaye da yawa wannan suke jira. Bargi yakan share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙa mai faɗin kimanin mita guda, iyaye su tsaya gadi. Ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, sheƙarsa a kan ruwa take yawo, da ciyawa yake haɗa ta, kuma masunta sun san ba a kusantar ta da wasa, domin mai gadin na cizo. Gaiwa namijinta ne ke zama a rami da ƙwai. Ko cikin karfasa akwai bambanci. A wani nau'in mace ce ke kwashe ƙwan a baki ta tafi da shi, ta yi mako ɗaya zuwa biyu ba ta ci, namiji ya tsaya a gurbi yana jiran wata. A nau'in mai jan ciki kuwa, uwa da uba ne ke tsayawa a kan gurbi ɗaya, su biyu suna korar duk abin da ya matso.

Tarwaɗa ba ta gini ba ta gadi. Da dare take fitowa cikin ciyawar da ruwa ya rufe sabo-sabo. Maza sukan gwabza tukuna, wanda ya yi nasara ya naɗe jikinsa a kan macen, ta watsa ƙwai ya manne a ciyawa, kowa ya kama gabansa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Duk waɗannan sun dogara ne da ruwan ya zo a kan lokaci, ya kuma daɗe gwargwadon yadda 'ya'ya za su yi ƙwari kafin ya janye. Madatsar ruwa na sauya duka biyun. Dam ɗin Kainji da aka kammala a 1968 ya sauya yadda Neja ke cika a ƙasansa. Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun rage faɗin ambaliyar da ke malale fadamun Haɗeja da Nguru, kuma inda ruwa ya koma kwanciya shekara cur, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa. Fadamar da ba ta cika ba gurbin ƙwai ne da bai buɗe ba.

Masu kiwon kifi sun fi kowa ganin wannan a aikace, ko da ba su kira shi da sunan kimiyya ba. Karfasa a kududdufin da babu mai cin ta takan balaga tana ƙarama, ta cika wurin da 'ya'ya, kowa ya tsumbure, shi ya sa ake kiwon maza zalla. 'Ya'yan tarwaɗa na cin junansu idan wasu suka fi wasu girma, don haka ake tace su akai-akai. An kuma lura cewa cizo na raguwa idan aka rage haske, haka ma idan suka yi yawan da babu mai iya riƙe wani lungu ya ce nasa ne. Ita kuwa uwar tarwaɗa, a ba ta abinci ta ƙoshi, cikinta ya cika da ƙwai, ba za ta zuba shi a tankin siminti ba, tunda babu ruwan da ya tashi, babu ciyawar da ya rufe. Sai an yi mata allurar sinadarin da zai maye gurbin saƙon ambaliya, bayan wasu sa'o'i a matse ƙwan da hannu a cikin roba. Namijin ba ya matsuwa, yawanci yanka shi ake yi a ciro jakar maniyyin a tsiyaye ta a kan ƙwan.